Babi na Bakwai: Motar Gida da Sunan da ke Kan Takarda

Duk wanda ya tsaya a tashar Batsari ranar kasuwa, ko a bakin hanyar da ta tashi daga Safana ta nufi Runka, ya tambayi masu jan Golf da Sharon da ƙananan a-kori-kura ko motar wa suke ja, amsar da zai yawaita ji ita ce "ta gida ce". Kuma gaskiya suke faɗi. Wa ne ya sayar da bijimi, ƙane ya turo abin da ya tara a ci-ranin Legas ko Abuja, uwa ta ba da kuɗin tumakinta, matar ɗaya daga cikinsu ta cire ɗan kunnenta, aka haɗa aka tafi Katsina ko Kano aka sayo. Da ita ake fitar da rogo da dankali, da ita ake kai mai naƙuda asibiti, da ita ake ɗauko amarya, ranar kasuwa kuma ta yi lodin fasinja ta samo kuɗin mai. Amma da za a zaro takardunta a duba, suna ɗaya ne a kai, kuma sau da yawa mai sunan ba ya cikin gidan. Wani lokaci wanda ya fara yi mata rajista ne a wata jiha shekaru da dama da suka wuce, wani lokaci kuma mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Ra'ayin da nake karewa a wannan babi shi ne cewa wajibi ne gida ya daidaita abin da ke kan takarda da abin da kowa ya sani a zuciyarsa, ya kuma sayi inshora ta gaskiya a kan gaskiyar yadda ake amfani da motar, domin duk ranar da tazarar da ke tsakanin biyun ta yi ɓarna, a kan mafi rauni take faɗawa: matar mamaci, 'ya mace, yaron da ke riƙe da sitiyari, da bawan Allahn da aka buge a hanya.

Tarayya a dukiya tsohon abu ne a ƙasar Katsina. Polly Hill, masaniyar nan 'yar Ingila da ta zauna a Batagarawa a 1967 ta kuma fitar da littafinta kan zaman ƙauyen Hausa a 1972, ta yi dogon bayani kan gandu: uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, shi yana ɗauke da ciyarwa da haraji, su kuma kowa na da gayaunarsa. Abin da ta lura da shi, wanda ya shafe mu a nan, shi ne gandun da ke tsakanin uba da 'ya'ya yana daɗewa, amma na tsakanin 'yan'uwa bai cika yin nisan kwana ba bayan rasuwar uban. Motar gida a kan tsarin gandu aka gina ta, ta kuma gaji wannan rauni nasa. Sai dai gona tana da abubuwan da ke ceton ta ranar rabuwa. Tana da iyaka, maƙwabta sun san tarihinta, mai unguwa da dagaci sun san wanda ya sare dajinta, ana iya auna ta da igiya a ba kowa nasa, kuma darajarta ba ta zubewa don an yi shekara ana gardama. Mota ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba ta yankuwa, kullum tsufa take yi, tana iya barin gari cikin dare ɗaya, kuma tana iya kashe mutum. Gona ba ta taɓa jawo wa mai ita biyan diyya, mota kuwa tana iya yin haka cikin ƙiftawar ido.

Hukuma suna ɗaya take gani. Takardar rajista, da takardar shaidar mallaka, da lasin motar da ake sabuntawa duk shekara, da lambar da ke ɗauke da BTR ko SFN ko KTN, duka suna komawa ne ga mutum ɗaya a rumbun bayanan hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 sun buƙaci a sanar da hukuma idan mota ta sauya hannu, kuma a tsarin lambobin da ake kai yanzu lamba ta mutum ce, ba a so ta bi motar zuwa hannun mai saye. Wanda ya sayar da mota ya bar sunansa a kai, ya bar wa kansa ƙofar da 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa ranar da aka tsinci motar a wurin wani laifi, kuma a yankin da ake zargin kowa da kai wa 'yan bindigar daji mai da abinci wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya saya bai sauya suna ba kuwa, abin da ke hannunsa bai wuce rasiti da 'yar takardar ciniki ba, idan ma an rubuta. A kotunan da ke bin dokar da aka gada daga Turawa, sunan da ke kan rajista ba shi ne ƙarshen hujja kan mallaka ba, ana iya kawo shaidar wanda ya biya kuɗi. Amma daga wannan suna ake farawa, kuma idan motar ta yi ɓarna akan fara ɗauka cewa direban aikin mai motar yake yi, sai shi mai motar ya kawo hujjar akasin haka. Ko a Ingila sai da wannan batu ya kai kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawa, a shari'ar Morgans da Launchbury a 1972: mota da inshora da sunan mata, miji ne ya fita da ita ya miƙa wa abokinsa tuƙi, aka yi haɗari, fasinjojin da suka ji rauni suka kai matar ƙara. Alƙalan sun wanke ta, sun ƙi yarda cewa zaman mota ta iyali kaɗai ya isa a ɗora wa mai suna laifin kowa. Wasu jihohin Amurka kuwa sun bi ɗaya hanyar, suna kama mai gida da ɓarnar duk ɗan gidan da ya ja motar. Abin lura a nan shi ne ko inda ake rubuta komai, sai da aka sha wahala kafin a raba tsakanin mai mota da mai jan ta, balle inda ba a rubuta komai ba.

Mutuwa ce ta fi fito da wannan ɓaraka fili, kuma a nan kotun shari'ar Musulunci ce ke da magana, domin gado da kyauta a hannunta suke. A ɗauka Malam ya rasu, motar da sunansa, alhali rabin kuɗinta na ɗansa ne da ke aikin gadi a Fatakwal, wani kaso kuma na amaryarsa ne. Masu rabon gado za su lissafa motar cikin abin da ya bari, sai wanda ya ce yana da haƙƙi ya kawo shaidu, tunda hujja a kan mai da'awa take. Ɗan yana da rasitin banki ko saƙon waya da zai nuna. Amaryar da ta miƙa zinarinta a ɗaki, ba kowa sai ita da mijinta, ba ta da komai, kuma kunya ma ba za ta bar ta ta buɗe baki a cikin takaba ba. Abin da za ta samu shi ne rabonta daga cikin tumuni, ita da abokiyar zamanta, kuɗin da ta zuba kuwa sun narke cikin rabon wasu. A juya misalin: motar ta Malam ce shi kaɗai, amma an sa sunan babban ɗa saboda shi ke da katin ɗan ƙasa kuma shi ya san hanyar ofis. Ranar rabo sai ya ce tasa ce, ga takarda, 'yan'uwansa mata da ƙannen da ke ɗakin kishiyar uwarsa su rasa abin da Allah ya ba su. Idan kuma ya ce ai Baba ya ba shi kyauta, to mazhabar Malikiyya ta sa sharaɗi mai nauyi: kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, in ba haka ba ta koma cikin gado. To yaya za a tabbatar da karɓa a motar da take kwana a ƙofar gida ɗaya, makullinta na rataye a ƙusa ɗaya, kafin kyautar da bayanta? Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Haƙƙin shufu'a, wanda ke ba abokin tarayya damar karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a gona da gida yake aiki, bai shafi abin da ake iya ɗauka a tafi da shi ba. Wanda ya ji haushi ya sayar da kasonsa na mota ga wani a tasha, sauran ba su da wannan mafaka.

Na san abin da za a fara cewa: rubutu tsakanin wa da ƙane alamar rashin yarda ce, kuma wanda ya nemi a rubuta kamar ya ce wa ɗan'uwansa ɓarawo ne. Ban raina wannan magana ba, domin kunya da kara su ne suka riƙe gidaje da yawa da talauci da tashin hankali suka so wargazawa. Amma a duba wa rubutun yake karewa. Waɗanda suka haɗa kuɗin sun san abin da suka haɗa, ba su buƙatar takarda muddin suna raye kuma suna shiri. Takardar ta waɗanda ba su nan ce ranar da aka yi maganar: 'ya'yan da ba su yi wayo ba, matar da za a auro gaba, alƙalin da bai san kowa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ga mutanen da suka fi mu amana aka fara saukar da ita. Abin da ake buƙata bai kai a nemi lauya ba. Shafi ɗaya ne, da boko ko da ajami: wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza, kason kowa kaza ne, an sa sunan wane a rajista a matsayin wakilin sauran, ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardarsu, idan wani yana son fita za a yi wa motar kuɗi a fara tayin 'yan gida. Shaidu biyu su sa hannu, liman ko mai unguwa ya ajiye kwafi. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ke toshe gurbin da rashin shufu'a ya bari, tunda abin da aka yi alkawari a kansa da yardar juna yana ɗaure masu alkawarin. Kuma a rubuta sunayen mata da adadin da suka bayar, ko da sun ce ba komai. Wannan "ba komai" ita ce ta cinye dukiyar mata da yawa.

Inshora kuwa, yawancin masu mota sun san ta ne a matsayin wata takarda da ake haɗawa cikin kuɗin sabunta lasin don a wuce shingen 'yan sanda da na hukumar kula da hanyoyi ta jihar Katsina, KASSAROTA. Asalinta ya wuce haka. Tun dokar 1945 aka wajabta wa duk mai abin hawa a Nijeriya inshorar ɓangare na uku, wato alkawarin da kamfani ke ɗauka cewa idan motarka ta kashe wani, ko ta ji masa rauni, ko ta lalata masa dukiya, shi zai biya a madadinka. Dokar inshora ta 2003 ta tanadi tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya hau hanya ba ita. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya na dukiyar da aka lalata daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Na babur ya zama 3,000, na Keke Napep 5,000, na manyan motocin dakon kaya 100,000. Rundunar 'yan sanda ta sanar da fara matsa lamba a kai daga 1 ga Fabrairun 2025, a watan Agustan shekarar kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri ɗaya. Wannan inshora ba ta gyara maka motarka, ba ta biyan direbanka idan shi ya ji ciwo. Ta wanda ka cutar ce. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa lissafa ta cikin harajin gwamnati: haƙƙin mai tallan da ke bakin titi ne, da ɗan makarantar da ke tsallakawa, da mai amalanken da ke dawowa daga gona da magariba.

Sai dai motar gida tana karya sharuɗɗan wannan alkawari ta hanyoyin da masu ita ba su sani ba, kuma a nan ne batun suna da batun inshora suke haɗuwa. Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da wani mutum sananne wanda yake da abin da zai yi asara idan motar ta yi ɓarna. Ba ta bin mota daga hannu zuwa hannu. Wanda ya ci gaba da sabunta ta da sunan tsohon mai motar, ko da sunan mahaifin da ya rasu, ya ba kamfani hujjar ƙin biya tun kafin a yi haɗarin, domin ba a ƙulla ciniki da mamaci. Takardar kuma tana faɗin wanda aka yarda ya tuƙa: mai inshorar, da duk wanda ya ba izini, da sharaɗin yana da lasin tuƙi. A nan doka ta yi wa iyali sauƙi fiye da wasu ƙasashe inda sai an lissafa sunan kowane direba, amma sauƙin ya tsaya ne a kan lasin. Yaron gida ɗan shekara sha shida da ya iya mota tun yana ƙaren mota, wanda ake tura shi ɗebo ruwa ko kai taki gona, yana tuƙi ne a wajen alkawarin, tunda ba a ba da lasin sai an cika 18. Abin da ya fi waɗannan yawa shi ne haya. Inshorar naira 15,000 ta motar hawa ce, ta zirga-zirgar gida, kuma ta cire ɗaukar mutane ko kaya don kuɗi. Motar da ke lodin mutum goma zuwa Jibiya ko Dutsin-Ma ranar kasuwa motar haya ce a wannan rana, ko da sauran kwanakin shida a ƙofar gida take. Gidan da ya san motarsa tana haya, gara ya faɗa ya biya na haya, ko da ya fi tsada, da ya biya na arha wanda ba zai amfani kowa ba. Akwai kuma 'yan gidan da ke cikin motar. Tsohuwar dokar ba ta tilasta wa kamfani ɗaukar nauyin fasinjan da aka ɗauka kyauta ba, don haka wanda zai saya ya tambaya ƙarara ko matarsa da 'ya'yansa da ke kujerar baya suna ciki, ya sa a nuna masa a rubuce.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ita ce ta addini, kuma ba a kawar da ita da ɗaga kafaɗa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disambar 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba haramun ce saboda gararin da ke cikinta: kana biyan kuɗi sananne a kan abin da ba ka san ko zai faru ba, ba ka kuma san nawa za a ba ka ba. Wasu manyan malamai, irin su Mustafa az-Zarƙa na Siriya, sun saɓa, amma rinjaye yana tare da hanin. Sai dai hukuncin bai tsaya nan ba. A wannan zama dai majalisar ta halatta inshorar taimakon juna, wadda mahalarta ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar sadaukarwa, a biya wanda masifa ta faɗa wa, kamfani kuma ya zama wakili mai karɓar ladan aiki. Wannan ita ce takaful. An fara kamfaninta na farko a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, ta kuma ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016, wasu suka biyo baya. Takardar motar da suke bayarwa tana cika sharaɗin doka kamar kowace. Saboda haka wanda ya ce ba zai yi inshora ba don tsoron Allah, a yau yana da ƙofar da zai shiga ba tare da ya saɓa wa fatawar da yake bi ba. Abin da ba shi da mafita a kowace mazhaba shi ne biyan kuɗi a karɓo takardar bogi don a nuna wa jami'i, domin wannan ya haɗa ƙarya da tauye haƙƙin wanda za a buge.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya riga kamfanonin inshora sanin wannan matsala. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa yakan karanta tun da wuri, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai hawanta da mai jan ta da mai kora ta, kuma majalisar fiƙihun nan, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce haɗarin mota yana bin hukunce-hukuncen jinayar da aka sani, bin dokokin hanya kuma wajibi ne. Kisan kuskure yana da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan wanda ya yi, yana da diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda ya haura kilo huɗu. Shari'a ta san mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, sai ta ɗora shi a kan aƙila, dangin mai laifin ta wajen uba, su raba a tsakaninsu cikin shekara uku. Ma'anar wannan ita ce Musulunci bai yarda jinin wanda aka kashe bisa kuskure ya tafi a banza don mai laifin talaka ne ba, bai kuma yarda a rusa mutum ɗaya saboda kuskure ba. To a tambaya, ina aƙilar mutumin Batsari ko Safana a yau? Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindigar dajin Rugu sun ci shanun da su ne ajiyar dangi, sun ci gonakin da aka sayar aka biya kuɗin fansa. Ƙauyuka irin su Tsauwa da Dankar, inda aka kashe mutane kusan 30 a dare ɗaya a Fabrairun 2020, sun ga abin da ba ya faɗuwa. Dangi sun watsu, wasu a cikin garin Batsari, wasu a Katsina, wasu sun tsallaka Maraɗi. Abin da ke faruwa a zahiri idan mota ta kashe mutum shi ne a tara dattawa, a je gaisuwa, a roƙi iyalan mamacin su yafe, su kuma su ce sun bar wa Allah. Yafiya alheri ce babba idan daga zuciya ta fito. Amma sau nawa take fitowa daga sanin cewa ko an nema babu? Kuma wa ya ba wani izinin yafe kason marayu ƙanana, alhali diyya gadonsu ce? Asusun da dubban masu mota suka zuba wa kuɗi kaɗan-kaɗan shi ne abu mafi kusa da aƙila da ya rage wa gidan da danginsa suka tarwatse, kuma wannan, a ganina, ita ce hujja mafi ƙarfi a kan takaful a wannan yanki.

Za a ce kamfanonin ba sa biya. Akwai gaskiya a ciki: ofisoshinsu suna manyan birane, takardun da suke nema suna da yawa, kuma mutumin ƙauye yakan gaji tun kafin ya kai ƙarshe. Amma babban ɓangaren labarin shi ne yawancin takardun da ke cikin motoci babu kamfanin da ya san da su. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta lissafa motoci kusan miliyan 12 a 2018, ƙungiyar kamfanonin inshora kuwa ta sha faɗin cewa waɗanda ke cikin rumbun bayananta kimanin kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sauran ko ba su da komai, ko suna ɗauke da abin da wani ɗan kamasho ya buga a bakin ofishin lasin. Ana iya ganewa da ƙaramar waya: a danna *565*11#, a sa lambar mota, a ga ko sunan kamfani da ranar ƙarewa sun fito. Idan haɗari ya auku, abin da ke sa a biya shi ne rahoton 'yan sanda, da sanar da kamfani nan take, da takardun asibiti, da ƙin yin sulhun kuɗi a bayan kamfanin kafin ya sani. Wanda aka hana haƙƙinsa yana da sashen ƙorafi a NAICOM. Hanyar tana da tsawo, kuma ya kamata a matsa wa kamfanonin takaful su ajiye wakilai masu jin Hausa a Dutsin-Ma da Batsari maimakon jiran mutane a Kano da Abuja. Duk da haka, mai takardar gaskiya yana da wanda zai kama, mai ta bogi ba shi da kowa.

Akwai hujjar da ta keɓanta da wannan yanki, wadda ba za a ji ta a Zariya ko Daura da irin wannan ƙarfi ba. Mutum yakan ƙi sa sunansa a kan mota da gangan, don kada masu kai rahoto daji su lissafa shi cikin masu hali. Wanda ya san abin da kuɗin fansa ya yi wa gidaje ba zai kira wannan wauta ba. Amma mai kai rahoto ba rumbun hukumar kiyaye haɗurra yake dubawa ba, ƙofar gidan da motar ke kwana yake kallo. Ɓoye suna a takarda bai ɓoye motar daga idon maƙwabci ba, ya dai raunana hujjar mai ita ranar da aka ƙwace ta aka gano ta a wata jiha, ko ranar da jami'an tsaro suka tsare ta suna tambayar ta wace ce. Matakan da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka a 2021, na taƙaita sayar da mai da rufe wasu hanyoyi da katse layukan waya a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Batsari da Safana, sun nuna yadda a lokacin tsanani kowane abin hawa ke zama abin tuhuma, kuma mai takarda tsabtatacciya ya fi saurin komawa gida. Takardar rabon kaso kuwa ba a manna ta a bango, tana iya zama sirri tsakanin masu ita da shaidunsu. Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin da inshora za ta yi, don kada a sayar wa mutane da fatan da babu shi. Ta ɓangare na uku ba ta biyan motar da aka ƙone ko aka ƙwace a hanya. Cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara, tana biyan sata da gobara, amma yawanci tana cire yaƙi da tarzoma da ta'addanci sai an ƙara kuɗi an sa su musamman. Ga tsohuwar Golf da ke bin hanyar Ruma ko Wagini, ban ga dalilin da zai sa gida ya matsa wa kansa a kan cikakkiyar ba.

Gurbin da wannan ya bari, wato asarar motar kanta, gida ne zai cike shi, kuma shi ma yana son magana tun kafin a shiga rigima. A Malikiyya wanda ya ari abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba ya biya idan ya halaka a hannunsa, sai in ya yi sakaci ko ya wuce inda aka yarje masa, kuma mota a nan ta fi kama da dabba. Ƙanen da aka ce ya kai mara lafiya Katsina ya dawo, ya zarce Kano don harkarsa injin ya buga, hukuncinsa daban da wanda taya ta fashe masa a kan hanyar da aka aike shi. Idan an rubuta wannan tun farko, tare da wanda ke da izinin ba da makulli, da kason da za a riƙa cirewa daga balas ɗin kowace ranar kasuwa a ajiye don gyara da sabunta takardu, to ranar da motar ta kwanta ba sai an koma kan tumakin uwa ba. Duk abin da aka faɗa a nan ya hau kan babur ɗin gida, wanda ya fi mota yawa nesa ba kusa ba a ƙauyukan Zakka da Babban Duhu da Kandawa, ya fi ta shiga hannun yara, kuma kuɗin inshorarsa na shekara bai kai na cika tankinsa sau ɗaya ba tun bayan cire tallafin mai a 2023.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne watannin da ke bin rasuwar mai suna. Motar ta zama ta magada gaba ɗaya tun daga ranar, har da jaririn da ke goye, amma tana ci gaba da fita kamar da, kuɗin da take kawowa suna shiga aljihun wanda ke ja, inshorarta kuma tana kan sunan wanda ba shi. Masu rabon gado a kotu da malaman da ake kira gida su raba sukan lissafa gona da gida da dabbobi da kyau, mota kuwa a yi mata kuɗi a baki a ce wane ya riƙe. Kamata ya yi duk wanda ya raba gadon da mota ke ciki ya rubuta wanda ta faɗa wa da abin da zai mayar wa sauran da ranar biya, ya lissafa abin da ta samo tun daga rasuwar a matsayin haƙƙin kowa, ya kuma ba sabon mai ita takardar da zai kai ofishin lasin da kamfanin inshora a sauya suna. Kafin a yi wannan, wakilin magada ya sanar da kamfanin rasuwar a rubuce ya nemi a ci gaba da lamunin da sunansa. Idan hakan bai samu ba, motar ta tsaya a gida har a gama, ko da za a rasa lodin kasuwa uku ko huɗu, domin idan ta buge mutum a wannan tsakani, direban da danginsa ne za su fuskanci diyya su kaɗai, motar da marayu ke da kaso a ciki kuma ita za a fara sayarwa.